Hukuncin Neman Haƙƙi Ta Hanyar Kundin Tsarin Mulki: Mas'alar Hijabi A Makarantun Gwamnati

Tambaya

Ina zaune da iyalina a ɗaya daga cikin jihohin kudancin Najeriya, 'yata kuma tana karatu a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Malamai sun ce ta cire hijabinta a bakin ƙofa ko ta koma gida. Wani lauya ya ce mini kundin tsarin mulki ya ba ta haƙƙin sanyawa, kuma zan iya zuwa kotu. Amma wani ɗan'uwa a masallaci ya ce kai ƙara irin wannan kotu neman hukunci ne wurin wanin Allah, don haka haramun ne. Mene ne gaskiyar lamarin a shari'a, kuma me doka ta tanada?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Amsar a taƙaice ita ce: ya halatta ka nemi wannan haƙƙi ta hanyar tsarin mulki da kotunan ƙasa, matuƙar abin da kake nema haƙƙi ne da shari'ar Musulunci ta riga ta tabbatar, kuma babu wata hanyar da za ta kai ka gare shi. Suturta jiki wajibi ne a kan mace baligar Musulma, kamar yadda aya ta 31 ta Suratun Nur da aya ta 59 ta Suratul Ahzab suka nuna. Kai kuma uba ne, kariyar addinin 'yarka da iliminta duka suna wuyanka.

Da farko: maganar ɗan'uwan da ya ce haramun ne

Kada ka yi masa mummunan zato, domin maganarsa tana da tushe. Aya ta 60 ta Suratun Nisa'i ta zargi waɗanda suke da'awar imani alhali suna son kai shari'arsu wurin ɗagutu, aya ta 65 kuma ta rataya cikar imani a kan miƙa wuya ga hukuncin Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi). Sai dai ka lura da wanda ayar take magana a kansa: mutum ne da hukuncin Allah yake gabansa, yana da ikon zuwa gare shi, sai ya guje masa domin ya san ba zai yi masa daɗi ba, ya nufi wani hukuncin da ya fi so. Halin da kake ciki dabam ne. Hukuncin Allah kake son ka zartar a kan 'yarka, wani ya tare hanya, kai kuma kana neman wanda yake da ikon kawar da shi. Saboda haka ne malamai da dama na wannan zamani suka ba da fatawar halaccin zuwa kotunan da ba na Musulunci ba idan haƙƙi zai salwanta ba tare da hakan ba, da sharaɗin zuciyar mutum ta tabbata a kan cewa hukuncin Allah shi ne mafifici, kuma kada ya karɓi fiye da abin da shari'a ta ba shi.

A tarihin Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) akwai abin da ke ƙarfafa wannan. Lokacin da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, ya tura sahabbansa ƙasar Habasha, dalilin da ya bayar kuwa shi ne sarkinta ba a zaluntar kowa a wurinsa, alhali Najjashi a lokacin Kirista ne. Da Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyaututtuka domin a mayar musu da masu hijirar, Musulmi ba su ce ba za su tsaya a fadar wanda ba Musulmi ba. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya tashi ya kare su da hujja, ya karanta wani sashe na Suratu Maryam, sarki ya ƙi miƙa su. Haka nan da Annabi ya dawo daga Ɗa'ifa, a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im ɗan Adiyyu ya shiga Makka, shi kuwa Muɗ'im mushiriki ne, kariyar kuma al'ada ce ta Larabawan jahiliyya. Ya yi amfani da tsarin da mutanen garin suka yarda da shi domin ya tsare ransa da da'awarsa.

Akwai kuma yarjejeniyar da ake kira Hilful Fudul. Asalinta wani fatake ne daga Zubaidu ya sayar wa Asi ɗan Wa'il kaya, ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Annabi ya halarci taron yana matashi, bayan annabci kuma ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa. Waɗanda suka ƙulla wannan alkawari masu bautar gumaka ne, amma hakan bai hana a yaba abin da yake adalci a cikinsa ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da ke cikin kundin tsarin mulki ya dace da shari'a. Rubutun mutane ne, akwai abin da ya dace, akwai abin da ya saɓa. Kafa hujja da sashen da ke kare haƙƙinka bai lazimta maka yarda da sauran ba.

Na biyu: abin da kundin ya tanada

Kundin da ake aiki da shi shi ne na shekarar 1999, tare da gyare-gyaren da aka yi masa. Sashe na 1 ya ce shi ne sama da kowace doka a ƙasar, kuma duk dokar da ta ci karo da shi ta ɓaci gwargwadon karon. Haƙƙoƙin ɗan ƙasa suna cikin babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46. Biyu daga cikinsu su ne suka shafi mas'alarka kai tsaye.

Sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da addini. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne bai tsaya ga abin da ke zuciya ba. Ya haɗa da bayyana addinin, mutum shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a fili, ta hanyar ibada da koyarwa da aikatawa da kiyaye ƙa'idojinsa. Hijabi yana shiga ta nan. Ƙaramin sashe na biyu ya ƙara da cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini, ko halartar bikin ibadarsa, idan ba addininsa ba ne ko iyayensa ba su yarda ba. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba, alhali yana da amfani sosai ga wanda ake tilasta wa ɗansa shiga addu'o'in safe na wani addini a filin makaranta.

Sashe na 42 kuwa shi ne na daidaito. Ya hana a ɗora wa ɗan Najeriya wani takunkumi da ba a ɗora wa sauran ba, ko a ba shi wata alfarmar da ba a ba sauran ba, saboda al'ummarsa, ko ƙabilarsa, ko wurin da ya fito, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa. Hanin ya shafi dokar kanta, ya kuma shafi yadda jami'an gwamnati suke aiwatar da ita, domin wani lokaci doka a takarda ba ta nuna bambanci, sai wurin zartarwa ta faɗa kan wasu mutane su kaɗai. Dokar kayan makaranta misali ce: an rubuta ta domin kowa, amma wadda take biyan farashinta da addininta ita ce yarinya Musulma.

Ka sani kuma haƙƙin addini yana da iyaka a kundin. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi domin tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a, ko zaman lafiya, ko kyawawan ɗabi'u, ko kare haƙƙin wasu. Amma sashen yana magana ne a kan doka, kuma dole ta kasance mai dalili karɓaɓɓe a tsarin dimokuraɗiyya. Son ran shugaban makaranta, ko umarnin baki daga wani ofis, bai kai matsayin doka ba. Sashe na 42 ma ba ya cikin sassan da na 45 ya lissafa.

Masu hana hijabi sun fi kafa hujja da sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma. Wanda aka yi wa wannan hani shi ne gwamnati. Yarinyar da ta rufe kanta ba gwamnati ba ce, kuma barinta ta yi hakan bai mayar da Musulunci addinin jiha ba, kamar yadda hutun Kirsimeti da na Sallah ba su mayar da ƙasar ta Kirista ko ta Musulmi ba.

Na uku: hukuncin Kotun Ƙoli

Wannan mas'ala ta riga ta kai ƙarshen matakin shari'a. Wasu ɗalibai mata biyu ƙanana, tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, reshen Legas, sun kai gwamnatin jihar ƙara kan hana hijabi a makarantunta na firamare da sakandare. A ranar 17 ga Oktoba, 2014, Babbar Kotun Legas ta ba gwamnati gaskiya, tana jingina da batun rashin addinin hukuma da buƙatar kaya iri ɗaya. Suka ɗaukaka ƙara. A ranar 21 ga Yuli, 2016, alƙalai biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka haɗu a kan soke wancan hukunci, suka ce hanin ya keta haƙƙin addini kuma nuna bambanci ne. Gwamnatin Legas ta wuce Kotun Ƙoli, a ranar 17 ga Yuni, 2022, kotun ta kori ƙarar da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu. Babban hukuncin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ce ta rubuta shi, wadda daga baya ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya.

Daga hukuncin farko zuwa na ƙarshe kusan shekara takwas ke nan. Yaran da aka fara shari'ar dominsu sun girma sun bar sakandare kafin a gama, ribar ta koma ga ƙannensu da 'ya'yan wasu. Wanda ya ɗauki nauyin irin wannan shari'a da kyakkyawar niyya muna yi masa fatan ladan duk wadda ta amfana.

Hukuncin Kotun Ƙoli ba a ɗaukaka shi zuwa wata kotu, kuma sashe na 287 ya wajabta wa hukumomi da mutane da ƙananan kotuna a ko'ina cikin tarayya su aiwatar da shi. Don haka idan makarantar 'yarka ta gwamnati ce, kamar yadda ka faɗa, ƙafarka tana kan ƙasa mai ƙarfi ko da ba a Legas kake ba. Abin lura shi ne shari'ar a kan makarantun gwamnati aka yi ta. Makarantar da wata coci ta gina kuma take ɗaukar nauyinta ita kaɗai tana da hujjar da za ta kawo daga ƙaramin sashe na uku na sashe na 38, wanda ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da take riƙe da ita gaba ɗaya. Shi ne kuma sashen da yake kare Islamiyyoyinmu. Inda rikici ya fi zafi shi ne tsofaffin makarantun mishan da gwamnati take biyan malamansu, irin abin da ya faru a Ilori a shekarar 2021, har gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma na wani lokaci. Wanda yake da zaɓi, kada ya kai 'yarsa makarantar kuɗi ta wani addini sannan ya zo yana jayayya a bakin ƙofa.

Me ya sa ba za a kai wannan ƙara kotun Musulunci ba? Domin kundin bai ba ta hurumi ba. Sashe na 275 ya ba duk jihar da take buƙata damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, sashe na 277 kuma ya ambaci abin da take dubawa: aure da saki, riƙon yara, wakafi, kyauta, wasiyya da gado. Ƙarar keta haƙƙoƙin babi na huɗu kuwa sashe na 46 ya kai ta Babbar Kotu. Wannan shi ne ma'anar cewa ba ka da wata hanyar.

Na huɗu: yadda za ka bi lamarin

Kada kotu ta zama matakinka na farko. Ka sami shugaban makarantar da ladabi, ka tafi da wani dattijo ko wakilin ƙungiyar iyaye da malamai. Sau da yawa malamin da yake tsaye a ƙofa bai taɓa jin labarin hukuncin 2022 ba, tsohon umarni yake bi. Idan magana ba ta yi ba, ka rubuta takarda mai kwanan wata, ka ambaci sashe na 38 da na 42 da hukuncin Kotun Ƙoli, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka aika wani kwafin ma'aikatar ilimi ta jiha. Ka riƙa rubuta ranakun da aka kori yarinyar da abin da aka faɗa mata da waɗanda suka shaida. Za ka iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, kuma ba a biyan kuɗi don shigar da koke wurinta.

Idan duk wannan bai yi ba, sai Babbar Kotu. Ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙoƙin ɗan ƙasa na shekarar 2009 sun sauƙaƙa abin: uba na iya shigarwa a madadin 'yarsa, ƙungiya ma na iya tsayawa, kuma ba a korar irin wannan ƙara da hujjar cewa lokaci ya wuce. Ka nemi taimakon ƙungiyar lauyoyi Musulmi ta yankinku idan kuɗi ya yi maka nauyi.

Abin da muke hana ka da kakkausar murya shi ne tara matasa a ƙofar makaranta, ko zagin malamai, ko yaɗa hotunansu a Facebook da WhatsApp tare da kalaman tunzura. Hakan zai jefa 'yarka cikin haɗari, ya ba wa masu hanin hujjar zaman lafiya da sashe na 45 ya ambata, kuma zai iya jawo zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Ka kuma dinka mata hijabi mai tsafta wanda ya dace da launin kayan makarantar, domin a rufe ƙofar ƙorafin da ba na addini ba.

Na biyar: sharaɗin da ake yawan mantawa

Hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani zai iya fin abokin shari'arsa iya tsara magana, a yanke masa bisa abin da aka ji, to duk wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, yanki ne na wuta aka yanka masa. Idan haka ne a gaban Annabi, ina ga kotun da take hukunci da dokokin mutane? Don haka ba ƙarya a takardar rantsuwa, ba shaidar zur, ba ƙara gishiri a kan abin da aka yi wa yarinyar domin a sami diyya mai tsoka, ba cin hanci ga magatakarda.

Nan ne ma ake gane wanda ayar Suratun Nisa'i take nufi. Mutum yana zaune a Kano ko Sakkwato, kotun Musulunci tana kusa da gidansa, an yi rabon gado bisa shari'a, sai ya ga rabonsa bai yi masa ba, ya nemi wata dabarar doka da za ta ba shi fiye da abin da Allah ya yanka masa. Wannan shi ne abin tsoro. A ɗaya gefen kuma, a shekarar 2014 Kotun Ƙoli ta yi amfani da wannan sashe na 42 ta rushe al'adar Ibo da take hana 'ya mace gadon mahaifinta. Musulunci ya ba mace rabonta tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, amma har yau akwai gidajen Musulmi da maza suke riƙe gona da gida su ce wa 'yan'uwansu mata ai kuna gidan miji. Ke 'yar'uwa da aka yi wa haka, kina da haƙƙin kai ƙara kotun Musulunci ki karɓi rabonki, kuma ba yanke zumunci kika yi ba.

Sannan daidaiton da kake nema wa 'yarka yana hawa kanka idan kai ne mai iko. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci, aya ta 135 ta Suratun Nisa'i kuma ta yi umarni da tsayawa kan adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma saboda darajar gidansu, Annabi ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne kyale mai daraja da hukunta mai rauni, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa Faɗima ce da an zartar mata da hukuncin. A wasiƙar da Umar ɗan Haɗɗabi ya aika wa Abu Musa Al-Ash'ari kan alƙalanci, ya umarce shi ya daidaita mutane har a wurin zama da kallon da yake musu, domin kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya yanke ƙauna.

Saboda haka shugaban makarantar gwamnati Musulmi a arewa ba shi da damar tilasta wa ɗalibi Kirista zama ajin darasin Musulunci ko halartar ibadar da ba tasa ba. Jami'in da ke ɗaukar ma'aikata ba shi da damar jefar da takardar wani saboda sunansa ko garinsu. Sashe na 38 da na 42 suna kare su kamar yadda suke kare 'yarka, aya ta 256 ta Suratul Baƙara kuma ta riga ta kore tilastawa a addini. Idan ka ga ana yi wa maƙwabcinka wanda ba Musulmi ba irin abin da aka yi maka, kuma aka neme ka shaida, to ka bayar da ita yadda ka gani.

Game da kwanakin da ake cikin wannan taƙaddama, kada ka bar yarinyar a gida ba karatu. Ka nemo mata darussan da ake yi daga abokan ajinta, ko ka sama mata mai koya mata na ɗan lokaci, ka kuma bayyana mata abin da ake ciki gwargwadon hankalinta, domin kada ta ɗauka hijabinta ne ya raba ta da makaranta. Idan ba ta balaga ba, lamarinta yana da sauƙi ta fuskar wajabci, tana iya ci gaba da zuwa aji yayin da kake bin haƙƙinta, domin sashe na 38 bai sa sharaɗin shekaru ba.

Allah ne Mafi sani.